Baƙin Mai Ba Mai Kaɗai Ba Ne: Abin Da Ke Tsare Inji Daga Datti

Duk wanda ya saba zama a gareji, ko a Maraɗi ne, ko a Garwa, ko a Suwame ta Kumasi, ya san irin shirun da kan biyo baya idan bakanike ya kwance murfin kan inji aka leƙa ciki. A wata motar za a tarar da ƙarfe fes, ya ɗan yi ja-ja kamar an shafa masa zuma. A wata kuwa sai a ga baƙar laka ta cika ko'ina, kamar an dama kwalta an zuba, har sai an sa cokali ana kwasa. Mai motar ya riƙe baki, ya ce shi dai bai taɓa barin mai ya yi ƙasa ba, kullum da safe sai ya zaro geji ya duba, in ya ragu ya ƙara. Kuma gaskiya yake faɗi. To amma inji ya riga ya buga, kuɗin gyara kuwa sau da yawa yakan cinye abin da motar ke kawowa a wata da watanni, ga iyali suna jiran cefane.

Saboda haka a wannan fitowa muka ga ya kamata mu yi wa masu karatunmu bayani a kan man inji, wanda aka fi sani da baƙin mai ko man juye. Abin da muke so a riƙe tun daga farko shi ne, abin da ke cikin galan ba mai ne zalla ba. Kimanin kashi 75 zuwa 85 cikin 100 shi ne ainihin man, sauran kuwa kayan haɗi ne, wato sinadaran da ake zubawa a masana'anta. Waɗannan kayan haɗi su ne ke hana datti zama a cikin inji, kuma ƙarewa suke yi kamar yadda sabulu ke ƙarewa a hannun mai wanki. Geji yana nuna yawan mai, amma ba ya nuna ko kayan haɗin suna nan ko sun ƙare.

Daga ina dattin ke fitowa?

Inji da wuta yake aiki. Idan mota tana gudu, a cikin kowace silinda mai yana kamawa da wuta fiye da sau dubu a minti ɗaya. Zoben da ke jikin fistan, waɗanda ake kira ringi, su ne ke tare wannan wuta, amma komai kyawunsu ba su tare ta ɗungum. Kullum akwai ɗan hayaƙin da ke sulalewa ƙasa ya haɗu da baƙin mai, kuma ba ya zuwa hannu rabbana. Yana tafe da abubuwa huɗu.

Na farko ruwa. Mutane da yawa ba su san cewa kowace lita ɗaya ta fetur da aka ƙona tana haifar da kusan lita ɗaya ta ruwa ba. Mafi yawansa yana fita ta salansa a matsayin tururi, shi ya sa da safe ake ganin salansa na ɗiga, amma wani ɓangare yana sauka cikin mai. Na biyu fetur ko dizal da bai ƙone ba, wanda ke tsinka man. Na uku kunkunniya, irin wadda ke taruwa a gilashin fitilar ƙwai, ita kuwa ta fi yawa a injin dizal, wanda wasunmu ke kira gazuwal, wasu gas. Na huɗu asid. A cikin man da muke sha akwai farar wuta, in ta ƙone ta haɗu da ruwa sai ta zama irin asid ɗin nan da ke cikin ruwan batir.

Ban da waɗannan, shi kansa baƙin man yana lalacewa. A dubi kaskon mai ƙosai. Man da aka yi ta suya da shi yakan yi duhu, ya yi kauri, ya bar wani danƙo a gefen kasko wanda ruwa ba ya fitarwa. Zafi da iska ne suka yi wannan aiki, kuma haka suke yi wa man inji. Masana sun daɗe da lura cewa duk ƙarin zafi na digiri 10 yana kusan ninka saurin wannan lalacewa, alhali a ramin ringi na sama zafi yakan wuce digiri 200. Sa'an nan ga ƙura, wadda ke shiga ta hanyar iska idan matatar iska ta yage ko ba ta zauna daidai ba.

Idan waɗannan abubuwa suka haɗu, datti iri uku suke haifarwa. Akwai laka, wadda ke taruwa a wuraren da ba su da zafi sosai, kamar murfin kai da kaskon ƙasa, ita ce ke toshe ragar da famfon mai ke zuƙa ta cikinta. Akwai danƙo mai kama da fenti, ja ko ruwan ƙasa, wanda ke manne wa jikin fistan da bawul. Akwai kuma ƙanzo, baƙi mai tauri, wanda ke cika ramin ringi. Da zarar ƙanzo ya kama ringi ya hana su motsi, sai hayaƙi ya ƙara samun hanyar sauka, mai ya ƙara samun hanyar hawa, mota ta fara shan mai tana hayaƙi, ƙarfinta ya ragu. In kuwa laka ce ta toshe raga, mai ba zai kai ga ƙarafan da ke juyawa ba, cikin 'yan mintoci sai inji ya buga.

Yadda aka fara sa kayan haɗi

A farkon zamanin mota mai zalla ake zubawa, ana juye shi a kai a kai, ana kuma kwance inji lokaci lokaci a kankare ƙanzo. Abin ya gagara ne lokacin da kamfanin Caterpillar na Amurka ya fara sayar da taraktoci masu injin dizal a 1931. Ringi suka riƙa kamewa tun inji bai yi wani aikin a zo a gani ba. A 1935 kamfanin mai na Standard Oil of California ya fito da wani mai da ya kira Delo, wanda aka haɗa da wani irin sabulu mai narkewa cikin mai, sai matsalar ta ragu ƙwarai. Daga nan ƙofa ta buɗe. A farkon shekarun 1940 aka samo sinadarin da ake kira ZDDP. A 1947 Cibiyar Man Fetur ta Amurka, wato API, ta kasa man inji gida uku bisa ga irin haɗin da ke ciki. Daga shekarun 1950 zuwa farkon 1960 kuma aka samo masu riƙe datti, bayan da aka ga motocin cikin gari, masu tafiya kaɗan su tsaya, suna cika da laka duk da sabulun da ke cikin mai.

Waɗannan uku, wato sabulu, da mai riƙe datti, da mai hana tsufa, har gobe su ne ginshiƙin tsabtar inji. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Sabulu mai kanwa a ciki

Sabulun man inji ba mai kumfa ba ne. Ƙwayoyi ne ƙanana waɗanda ido ba ya gani, kowace tana da kai da wutsiya. Kan yana ɗauke da ƙarfen kalsiyam ko maganisiyam, yana son manne wa ƙarfe da datti. Wutsiyar kuwa da mai take shiri. Idan mai ya ratsa wuri mai zafi kamar jikin fistan, sai waɗannan ƙwayoyi su jeru a kan ƙarfen, su kuma kama abubuwan da za su zama danƙo tun ba su samu wurin zama ba.

Aikinsa na biyu uwargida ta fi kowa saninsa. In yakuwa ta yi tsami, kanwa ake jefawa ta kashe tsamin. To a tsakiyar ƙwayoyin wannan sabulu akwai ɗan garin alli, mai laushin da ya wuce misali, wanda aikinsa ke nan. Duk asid ɗin da ya sauko cikin mai, wannan alli ne ke tarbarsa ya kashe shi kafin ya ci ƙarfe ko ya dafa man ya zama danƙo. Akwai ma'aunin da ake gwada yawan wannan ajiya da shi, ana rubuta shi TBN. Sabon man ƙananan motoci galibi yana tsakanin 6 zuwa 10, na manyan motocin dizal yakan kai 10 ko ya wuce, na silindar manyan jiragen ruwa masu shan man da ke cike da farar wuta kuwa yakan kai 70 har 100. Abin lura a nan shi ne, duk ƙwayar allin da ta kashe asid ita ma ta mutu ke nan. Tun daga ranar da aka yi juye ajiyar ke raguwa, ba ta ƙaruwa.

Mai karatu zai ce, to me ya hana a cika mai da sabulu kowa ya huta? Dalili shi ne, ɗan man da ke ƙonewa a cikin silinda yana barin toka, kuma daga ƙarfen sabulun tokar ke fitowa. Toka tana taruwa a kan fulogi da bawul, tana kuma toshe matatar hayaƙi da ke cikin salansar motocin dizal na zamani. Shi ya sa a 2006, lokacin da API ta fito da matakin CJ-4, ta ƙayyade cewa toka kada ta wuce kashi 1 cikin 100. Haka kuma an gano cewa a ƙananan injinan fetur masu tobo, waɗanda ke fesa mai kai tsaye cikin silinda, yawan kalsiyam na iya sa wuta ta kama kafin lokacinta har fistan ya fashe. Saboda wannan aka fito da matakin SN Plus a 2018, inda masu haɗa mai suka rage kalsiyam suka ƙara maganisiyam. Komai dai da awo ake sa shi.

Mai riƙe datti

Kashi mafi yawa a cikin kayan haɗin da ke tsabtace inji shi ne mai riƙe datti. Shi ma kai da wutsiya gare shi, sai dai wutsiyarsa ta fi tsawo, kuma babu ƙarfe a jikinsa, don haka ba ya barin toka. Ya fi amfani a wuraren da ba su da zafi, inda laka ke haɗuwa.

Ga yadda yake yi. Ƙwayar kunkunniya ɗaya ba ta kai maikiron ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, alhali kaurin gashin mutum kimanin maikiron 70 ne. In ita kaɗai ce ba ta da wata illa mai yawa. Matsala tana farawa ne idan ƙwayoyin suka manne da juna, suka haɗu da ruwa da ruɓaɓɓen mai, suka yi nauyi suka kwanta. Mai fura ta san maganin wannan: in ta cura fura sai ta birgima ta cikin gari, don kada curi ya manne da curi. Haka mai riƙe datti ke yi. Yana kewaye kowace ƙwaya, kawuna a ciki, wutsiyoyi a waje, sai ta kasa manne wa 'yar'uwarta, ta yi ta yawo cikin mai har ranar juye.

Wannan ya kawo mu ga wata magana da ake yawan yi a tasha, cewa man da ya yi baƙi da wuri ba shi da kyau, wanda ya daɗe garau shi ne na gaske. Sau da yawa akasin haka ne. Baƙin da muke gani datti ne da man ya ɗauka ya riƙe. A injin dizal mai yakan yi baƙi cikin 'yan kwanaki, kuma ba laifi ba ne. In kuwa tsohon inji ya yi tafiyar dubban kilomita man yana nan kamar jiya aka zuba, sai a tambaya: ina dattin ya tafi? Yana ciki, ya kwanta.

Kada kuma a ce ai filta za ta tace. Filtar mai tana kama abin da ya kai maikiron 20 zuwa 30 ne ko fiye, kunkunniya kuwa wucewa take yi abinta. Hanya ɗaya tak da wannan datti ke fita daga inji ita ce ta ramin juye. Kuma mai riƙe datti yana da iyaka. Ran da hannunsa ya cika, abin da ya biyo baya ba shi da mai tarbarsa. Wanda ke ƙara mai kullum ba ya juyewa, kamar mai ƙara ruwa ne a bahon wanki ba ya zubar da na ciki.

Mai hana tsufa

Na ukun ba ya jiran datti ya samu, tun daga tushe yake tarewa. Lalacewar mai ta hanyar zafi da iska kamar gobarar daji take, ƙwaya ɗaya in ta lalace sai ta lalata na kusa da ita, abin ya yi ta yaɗuwa. Masu hana tsufa su ne ke shiga tsakani su yanke wannan yaɗuwa, amma su ma a bakin ransu, don kowace ƙwaya ta yi aiki ta ƙare. Muddin suna nan, mai yana tsufa a hankali. Da sun ƙare sai lalacewa ta taho gaba ɗaya, man ya yi kauri cikin ɗan lokaci. Shi ya sa mota kan yi lafiya lau har wani lokaci, sa'an nan a wayi gari ta cika da laka.

Sananne a cikinsu shi ne ZDDP ɗin da muka ambata, wanda ya ƙunshi tutiya da fosfaras da farar wuta. Don hana mai lalacewa da hana ƙarfe cinyewa aka fara sa shi, daga baya aka gane cewa yana kuma shimfiɗa wata siririyar fata a inda ƙarfe ke gugar ƙarfe. Shi ma ba a cika shi, domin fosfaras yana kashe matatar da ke tsabtace hayaƙin motocin fetur. Tun daga 2004 aka ƙayyade shi a kan kashi 0.08 cikin 100 a siraran man motocin fetur na zamani, aka cike gurbin da wasu masu hana tsufa marasa toka.

Akwai sauran kayan haɗi, kamar mai hana kumfa, da mai hana tsatsa, da wanda ke hana mai tsinkewa idan ya yi zafi. Dukansu a cikin tukunya ɗaya suke, wasu ma rige-rigen wuri suke yi a kan ƙarfe ɗaya, don haka sai an yi ta gwaji a cikin injina na gaske kafin a tsai da yawan kowane. Wannan ne dalilin da ya sa masu ƙera motoci galibi ba su goyon bayan ƙara wani magani na gwangwani a kan mai. Irin mai kaurin nan kamar zuma yakan rufe ƙarar inji ya rage hayaƙi na ɗan lokaci, amma ba ya mai da sabulu ko alli da suka ƙare.

Abin da ya faru a Amurka

Kada a ɗauka laka ciwon matalauta ne. A Amurka masu wasu motocin Toyota da Lexus na shekarun 1997 zuwa 2002, cikinsu har da Camry da Sienna da Avalon, sun yi ta kukan cewa injinansu na cika da laka. Kamfanin ya ce rashin juye a kan lokaci ne babban dalili, masu motoci suka ce yanayin ginin injin ne. A 2002 kamfanin ya ɗauki nauyin gyaran irin wannan matsala har shekara 8 daga ranar saye, a 2007 kuma wata kotu a jihar Luwiziyana ta amince da sulhun da ya shafi motoci fiye da miliyan 3. Mun kawo wannan ne domin da yawa daga irin waɗannan motoci nan yankinmu suka ƙarasa a matsayin na hannu. Injina ne masu juriya, amma ba su yafe wa wanda ya yi wasa da juye. Wanda zai sayi mota ta hannu, kowace iri ce, ya buɗe murfin zuba mai ya haska tocila ciki kafin ya biya.

Halin da injinanmu ke ciki

A littafin kowace mota akwai jadawalin juye iri biyu, na aiki mai sauƙi da na aiki mai tsanani. Abin da suke kira mai tsanani shi ne tafiya cikin ƙura, da zafi mai yawa, da lodi mai nauyi, da gajerun tafiye-tafiye, da barin inji yana aiki mota na tsaye. Duk wanda ya san hunturu da bazara, ya san yadda ake lodi ranar kasuwa, ya san cewa da mu ake. A irin wannan hali galibi ana rage tsawon lokacin juye da kusan rabi, a motoci da yawa yakan faɗo wajen kilomita 5,000 ko wata 6, duk wanda ya riga zuwa.

Sai maganar farar wuta. Tun 2009 ƙasashen Tarayyar Turai suka ƙayyade ta a kan kashi 10 cikin miliyan. A 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta gwada man da ake sayarwa a ƙasashen Afirka 8, ta sami dizal da farar wutarsa ta ninka ta Turai har sau 378. A 2017 Gana ta sauko da iyakarta daga 3,000 zuwa 50 cikin miliyan ga man da ake shigowa da shi, a 2020 kuma ministocin ƙasashen ECOWAS, wato CEDEAO, suka amince da 50 ɗin a taron da suka yi a Wagadugu. Wannan ci gaba ne, amma man da ake saye a jarka a bakin hanya ba wanda ya auna shi. Iyakacin yawan farar wuta, iyakacin saurin ƙarewar alli a cikin baƙin mai.

Akwai kuma abin da muke yi da hannunmu. An saba cire tamosta, wato abin da ke tsare ruwan lagireto har inji ya ɗau zafi, wai don kada mota ta yi zafi. To injin da ba ya kai zafinsa na aiki ba ya iya korar ruwa da fetur ɗin da suka shiga mai, sai su zauna su zama laka. Haka in bututun numfashin inji ya toshe, hayaƙin da ya kamata ya fita sai ya tsaya a ciki.

'Yan kabu-kabu da masu adaidaita su ma abin ya shafe su, har ma ya fi. Injin babur iska ce ke sanyaya shi, man da yake ɗauka kimanin lita ɗaya ne, kuma a yawancin babura shi ne dai ke shafa giya da kuloci. Ɗan mai kaɗan, aiki mai yawa, don haka kayan haɗinsa sun fi saurin ƙarewa. Man da aka yi don irin wannan babur yana ɗauke da alamar JASO MA ko MA2, wadda ke nuna ba zai sa kuloci ya riƙa zamewa ba.

Yadda za a karanta galan

Rubutu biyu ne a jikin galan, kuma kowane da abin da yake faɗi. Na farko SAE, kamar SAE 40 ko 20W-50 ko 5W-30. Wannan kaurin mai kawai yake nunawa. Murza mai tsakanin yatsu a ce wannan yana da jiki, ba ya gaya wa mutum komai game da sabulu ko alli. Ana iya samun mai mai kauri wanda babu kayan haɗi ko ɗaya a cikinsa. A bi kaurin da littafin mota ya ce.

Na biyu API, shi ne ke nuna matakin haɗi. Harafin S na fetur ne, C na dizal, harafin da ke biye kuwa iyakacin nisansa a jerin abacada, iyakacin sabuntarsa. SA ba shi da kayan haɗi, API da kanta ta ce bai dace da yawancin injinan da aka ƙera bayan 1930 ba. SF bai dace da na bayan 1988 ba. SL ya fito a 2001, SM a 2004, SN a 2010, SP a 2020, SQ a 2025. A ɓangaren dizal akwai CH-4 na 1998, CI-4 na 2002, da CK-4 na 2016. A motar fetur sabon mataki yana maye gurbin tsoho, amma tsoho ba ya maye gurbin sabo.

Man awo kuwa, wanda ake ɗiba daga durom a zuba a kwalba, ba shi da rubutu balle a karanta. Yana iya zama mai kyau, yana iya zama mai zalla marar haɗi, yana iya zama tsohon man da aka tace aka gyara masa launi. Tacewa tana cire tsaki, ba ta dawo da abin da ya ƙare. Araha dai ba ta ado. A sayi mai a rufe, a duba hatimin murfi, a tsaya a ga an zuba, in an gama kuma a huda galan ɗin don kada wani ya sake cika shi da wani abu dabam.

Ga wani ɗan gwaji da kowa zai iya yi. Bayan inji ya yi zafi, a ɗiga ɗigo ɗaya daga geji a kan farar takarda mai shan ruwa, a ajiye ta a kwance har ta kwana. In baƙin ya bazu ko'ina daidai, mai riƙe datti yana nan da ƙarfinsa. In kuwa baƙin ya dunƙule a tsakiya, kewaye da shi mai garau, to ya gaji. In aka ga wani abu kamar kindirmo a ƙarƙashin murfin zuba mai, ruwa ya shiga. In man yana warin fetur, ya tsinke. Wannan gwaji taimako ne kawai, ba ya maye gurbin lissafin kilomita, saboda haka a riƙa rubuta ranar juye da lambar mita a ajiye.

Wanda ya riga ya tarar da laka a injinsa, kada ya yi gaggawar wanke shi da kananzir ko dizal yana kunne. Hakan na iya ɓamɓaro laka da yawa lokaci ɗaya ta toshe raga, a gudu ba a tsira ba. In ta yi yawa, a kwance kaskon ƙasa da murfin kai a wanke da hannu, a tsabtace raga. In kaɗan ce, a zuba mai mai kyau da sabuwar filta, a riƙa juyewa da wuri sau biyu ko uku. Sabulun man inji gwanin hana datti zama ne, ba gwanin kankare wanda ya daɗe ba.

Muna fata direbobi da makanikai da masu sayar da mai za su karanta wannan, su kuma karanta wa yaransu da ke koyon aiki, domin su ne gobe za su riƙe sifana. Kuɗin galan ɗaya da filta ɗaya ba ya kama ƙafar kuɗin sauke inji. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyaye hanya.